Laburaren Jama'a, Amma Wace Jama'a?

 Ra'ayinmu na wannan karon ya yi tsawo, har sai da muka haɗa takardu da yawa muka manna. Ku yi haƙuri. Wanda ya fara karantawa aka kaɗa ƙararrawa, ya dawo gobe ya ƙarasa. Roƙonmu ɗaya ne, kada a yage, kada kuma a yi zane a kai kamar yadda aka yi wa na watan jiya.

Makonni uku da suka wuce, ranar Alhamis bayan an tashi, mu bakwai 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka tafi babban laburaren garinmu. Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ne ya tura mu, ya ce mu je mu gani da idonmu, mu dawo mu rubuta. Mun tafi da niyyar ƙirga kantocin littattafai da yabon gini, sai dai tun a bakin ƙofa labarin ya canza.

Akwai wani almajiri da ke yi wa gidan su ɗaya daga cikinmu ɗiban ruwa da aike. Sa'anmu ne, in ma ya girme mu bai fi da shekara ɗaya ba. Da ya ji inda za mu sai ya ce zai bi mu, tunda Alhamis ce babu karatun allo. Ya wanke rigarsa tun da safe, ya bar robar bararsa a tsangaya. Muna isa, mu masu yunifom muka shige, babu wanda ya ko dube mu. Shi kuwa yana sa ƙafa sai maigadi ya ɗaga masa hannu.

"Kai yaro, ina zuwa? Ba a bara a nan."

"Baba, ba bara na zo ba. Tare muke da su."

"Tare da wa? Ina yunifom ɗinka? Maza koma waje."

Ga abin da ya fi ba mu kunya, kuma mun yi shawara cewa dole mu rubuta shi. Mu bakwai muna tsaye muna ji, babu wanda ya buɗe baki ya ce, "Baba, gaskiya ya faɗa, tare muke." Muka dubi juna, muka wuce ciki. Mu da muke kiran kanmu 'yan jarida! Muka yi kusan awa biyu fanka tana kaɗa mu, shi kuwa yana zaune a gindin darbejiya a bakin titi yana jiranmu. Da muka fito bai yi fushi ba, kuma da ya yi fushin da abin ya fi mana sauƙi. Tambaya kawai ya yi: "Da gaske ne littattafan har sama suke kaiwa? Akwai na ajami?" Ta farko mun amsa masa. Ta biyun muka yi shiru, domin ko dubawa ba mu yi ba.

A saman ƙofar nan an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ɗakin karatu ne na jama'a. To wace jama'a? Mu dai abin da muka gani, wanda ya fi kowa buƙatar laburare shi aka fi tsayarwa a ƙofa. Ɗan mai hali yana da littattafai a gida, ga waya mai intanet, ga wutar sola idan an ɗauke wuta. Mu ma, duk da ajinmu a cike yake maƙil, muna da malamai da za mu tambaya. Amma almajiri fa? Yarinya mai talla fa? Makaho da gurgu da kurma, da yaron da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu? A duk faɗin gari, laburare ne wurin da aka gina da kuɗin kowa domin mutum ya zauna ya karanta ba tare da ya sayi komai ba. Mun ce kuɗin kowa, domin mahaifin wannan almajiri manomi ne, kuma duk ranar da ya kai hatsi kasuwa sai an karɓi haraji a hannunsa.

Ba mu ɗora wa Baba maigadi laifi ba. Dattijo ne, an ce masa ya tsare ƙofa kada a dami masu karatu, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa mai tsohuwar riga ma mai karatu ne. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Magana ce kawai daga shugaban wurin.

Wani zai ce, to me almajiri zai karanta a laburare tunda bai iya boko ba? Wannan maganar ce ta fi ɓata mana rai, don mu ma haka muka ɗauka da farko. Yaron nan yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta allonsa da tawada, rubutun da ya fi na wasunmu kyau nesa ba kusa ba. Ku ciro takardar naira dubu ko ta ɗari biyar ku duba, akwai rubutun ajami a jikinta. Mu bakwai babu wanda ya iya karanta shi da sauri, shi kuwa kallo ɗaya ya yi ya karanta mana. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin Turawa su kawo boko. Saboda haka yaron nan ya iya karatu. Laburaren ne bai tanadi irin karatunsa ba. Idan aka ajiye kanta guda ta littattafan ajami a inda ido zai gani, kusa da ita aka sa littattafan koyon boko masu hotuna, to an ba shi tsanin da zai taka daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba.

Alhamis ta biyu muka koma, wannan karon da wata yayarmu ta aji uku wadda ciwon shan inna ya taɓa tun tana ƙarama. Kun san ta, ita ce ke cinye gasar kacici-kacici kusan kowane zango. A shekarar 2020 aka bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar shan inna daga Najeriya, kuma abin murna ne. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna girma, suna son karatu. Da kekenta ta zo. Baba maigadi ya buɗe mata ƙofa da fara'a, har da yi mata sannu. Sai ga matakala biyar a gaban ginin, babu wata hanya sai su. Mu huɗu muka ɗaga ta da keken gaba ɗaya, muna nishi, maza manya suna tsaye suna kallo. Da muka shiga, tsakanin kantocin ya yi wa keken ƙunci, littattafan da take so kuma suna can sama. Banɗakin ma da matakala. A hanyar dawowa ta ce mana, "Ƙannena, na gode, amma ba zan sake zuwa ba. Ni ba buhun masara ba ce da za a riƙa ɗauka ana saukewa."

Malaminmu ya nuna mana cewa wannan ba maganar tausayi ba ce, akwai doka a kai. A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu yadda mai keke zai shiga da kansa. Ku ƙirga da yatsu, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Dokar ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna irin wannan bambanci, da tarar naira miliyan ɗaya idan kamfani ne. Mu ba tara muke so a ci kowa ba. Gangara muke so a yi a gefen matakalar. Ɗaya daga cikinmu mahaifinsa magini ne, ya ce in akwai siminti da yashi da 'yan bulo, aikin ba zai wuce kwana biyu ba. (Kafin wani ya rubuta mana a ƙasan takarda, mun sani, laburaren makarantarmu ma matakala biyu gare shi. Mun faɗa wa hukumar makaranta cikin ladabi.)

A wannan zuwan ne muka samu zama da Hajiyar da ke kula da ɗakin yara. Mace ce mai kirki, ta amsa duk tambayoyinmu ba ta gaji ba. Ta nuna mana fom ɗin da ake cikewa kafin a ba mutum katin aron littafi. Ana son suna, da adireshin gida, da hoton fasfo biyu, da katin makaranta ko sa hannun shugaban makaranta, da kuɗin rajista. A wurinmu wannan ba wani abu ba ne. Amma a bayan makarantarmu akwai kangon da iyalai 'yan gudun hijira suke zaune, sun rufe tagogi da buhu. Wane adireshi yaransu za su rubuta? Wane shugaban makaranta zai sa musu hannu alhali ba sa zuwa makaranta? Kuɗin hoton fasfo kaɗai ya isa a yi musu cefanen miya. Muna ganin ya kamata a karɓi shaidar mai unguwa, ko limami, ko fasto, ko alaramman tsangaya. Waɗannan sun fi kati sanin inda yaro yake kwana. Zama a ciki a karanta kuwa, wannan bai kamata a nemi takardar komai ba.

Sai maganar lokaci. Laburaren yana rufewa da ƙarfe huɗu, ba ya buɗewa Asabar da Lahadi. Yarinya mai tallar gyaɗa ko awara sai bayan la'asar take samun kanta, in ma ta samu. Kuma ko ta zo da wuri, ina za ta ajiye farantinta? Ba za ta bar shi a titi ba, don idan ya ɓace ta san abin da ke jiranta a gida. Akwai wurin ajiye jakunkuna a bakin ƙofa, ba mu ga abin da zai hana a ajiye faranti a nan ba. Ba muna goyon bayan talla ba ne, mun fi so kowace yarinya ta kasance a aji. Sai dai kafin ranar ta zo, awa ɗaya da littafi ta fi babu.

Mun tambayi Hajiya ko akwai littattafan makafi. Ta girgiza kai ta ce, "'Ya'yana, ko ɗaya babu. Ni ma ina so, amma rabon da a kawo mana sababbin littattafai har na manta." Na ajami akwai 'yan kaɗan, suna kulle a ɗakin masu bincike.

Maganar makafi ta tsaya mana a rai, saboda labarin da muka karanta na Louis Braille. An haife shi a Faransa a 1809. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da basilla a shagon mahaifin, ciwon ya kama ɗayan idon, ya makance. Yana ɗan shekara 15, wato ya girme mu da shekara biyu kacal, ya tsara rubutun da makafi ke shafawa da yatsa, na ɗigo shida masu tudu. Har yau da shi makafin duniya suke karatu, kuma ana koyar da shi a ƙasar nan, kamar a makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato da makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano. To yaron da ya sha wahala ya koyi wannan rubutu, idan ya dawo gida hutu ina zai samu abin karantawa? A nan gida ma muna da Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, shi ya yi Waƙar Imfiraji da iyayenmu da kakanninmu suka haddace. Muna tambayar kanmu, da a ce yau yana yaro, ɗan jagora ya riƙo sandarsa ya kawo shi bakin ƙofar nan, me za a ce masa? Muna tsoron amsar ita ce wadda aka ba almajirinmu.

Littattafan makafi suna da tsada, mun ji. Amma murya ba ta da tsada. Mutanenmu sun saba da sauraron littattafai a rediyo. Ana iya ware awa guda a mako wani ya karanta Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da babbar murya, makaho ya ji, tsohuwar da ba ta yi boko ba ta ji, almajiri ya ji. Kurame kuma, in an samu ma'aikaci ko ɗaya da ya iya maganar hannu, ya isa su san ana maraba da su.

Kada ku ɗauka dukkanmu muka yarda da wannan ra'ayi tashi ɗaya. Mun yi gardama sosai a taron ƙungiya, har murya ta tashi. Ɗaya daga cikinmu ya ce idan aka buɗe ƙofa ga kowa za a ɓata littattafai da hannu mai maiƙo, za a sace, wasu kuma barci kawai za su zo yi a ƙarƙashin fanka, masu shirin jarrabawa su rasa wurin zama. Maganarsa ba ta banza ba ce, domin kujerun ba su da yawa, kuma yayyenmu masu shirin jarrabawar fita suna buƙatar shiru. Amma da muka buɗe littattafan lissafi da kimiyya a laburaren, mun tarar an yage shafuka, an rubuta sunaye da biro, wani har ya zana zuciya da kibiya. Wa ya yi wannan? Almajiri dai ba a bar shi ya shiga ba. Mu ne masu yunifom. Hannu mai datti maganinsa buta da sabulu a bakin ƙofa, kuma mu ma da muke fitowa daga cin ƙosai muna buƙatarsu. Barci kuwa, mun ga manya biyu masu manyan riguna sun kifa kai a kan jarida suna minshari, babu wanda ya tashe su. Maganar shiru ita ce muka kasa kammalawa. Wasu sun ce a ware ɗaki dabam, wasu sun ce ware ɗaki ma wani irin kora ne. Abin da muka tsaya a kai shi ne a raba wuri bisa ga abin da ake yi, nan wurin shiru, can wurin karatu da murya, kowa ya zaɓi inda zai zauna, kada a raba bisa ga rigar da mutum ya sa. Abokin namu har yanzu bai gamsu duka ba, kuma ya ce mu rubuta haka.

Akwai kuma waɗanda ko an buɗe ƙofa ba za su iya zuwa ba, kamar matan aure da ba sa fita, da tsofaffi, da mutanen unguwannin bayan gari da kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Su sai dai littafi ya je ya same su. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta koyar da mata da ake kira jajis, su kuma suna bi ƙauye-ƙauye suna kai wa 'yan uwansu mata ilimi har gida. A Kenya, hukumar laburaren ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa a 1996, tana kai wa 'ya'yan makiyaya. A Kolombiya wani malamin makaranta mai suna Luis Soriano ya riƙa kai littattafai ƙauyuka a kan jakunansa biyu, Alfa da Beto. Da malaminmu ya ba mu labarin jakunan mun yi dariya, daga baya muka ga abin ba na dariya ba ne. Mu da muke da adaidaita sahu a kowane lungu, akwati biyu da tabarma sun isa a fara.

Mun san mu yara ne, ba mu da siminti, ba mu da ikon canza fom. Mun rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban laburaren, malaminmu ya duba mana ita, mun roƙi abu uku: a yi wa masu gadi bayani, a yi gangara, a karɓi shaidar mai unguwa ko alaramma. Har yau da muke manna wannan takarda amsa ba ta zo ba. Amma Hajiya ta yarda da abin da ke hannunta. Ta ce duk ranar Alhamis za ta ba mu aron littattafan Hausa goma da tabarma biyu, mu shimfiɗa a gindin darbejiyar nan, mu karanta da murya ga duk wanda ya zo. Wasunmu sun ce ai wannan har yanzu waje ne, ba ciki ba. Gaskiya ne. Mun karɓa ne saboda daga gindin bishiyar zuwa ƙofa taku goma ne, kuma muna so shugaban wurin ya riƙa ganinmu ta tagar ofishinsa kowane mako.

Mun je tsangaya mun gaida Alaramma, mun nemi izini. Ya yi shiru jim kaɗan, ya tambayi irin littattafan, sannan ya ce yara uku za su zo, da sharaɗin su koma kafin magariba. Yayarmu ta aji uku ta ce tunda babu matakala a gindin bishiya, ita za ta fara karatun. Almajirin kuwa mun ba shi haƙuri a kan shirun da muka yi, ya ce ba komai. Sai ya tambaya ko sai ya aro takalmi, don silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke. Mun ce ya zo yadda yake.

Mai son zuwa ya rubuta sunansa da ajinsa a farar takardar da ke ƙasan wannan allo kafin ranar Laraba, kuma ya nemi izini a gida. Muna buƙatar mutum biyu masu murya, da wanda zai zo da buta da sabulu. Za mu haɗu a bakin ƙofar makaranta da zarar an tashi. Bayan an gama karatun muna da niyyar mu je wurin Baba maigadi, mu da yaran uku, mu gaishe shi, mu ce masa tare muke, mu roƙe shi su leƙa su ga kantocin ko na minti biyar ne.